Ranar da Aka Turara Tabar Cif

Cikin shekarun da na yi ina aikin masaukin baƙi, ranakun da suka ɓace mini sun fi waɗanda suka zauna yawa. Amma ban taɓa mantawa da ranar da aikina ya zama in zauna a inuwa in sha taba ba, mai gida yana kallona, kuma ba shi da bakin magana. Ku ƙananan ma'aikata kun sha tambayata labarin, na kuma lura duk wanda ya ji shi a bakin wani sai ya ƙara masa gishiri. To ga shi yadda ya faru, daga wanda hayaƙin ya bi ta hancinsa.

Na shigo aikin nan ne bayan na ajiye alli. Na daɗe ina koyar da Turanci da tarihi a sakandare, da na yi ritaya sai Alhaji Hamad ya ɗauke ni mataimakin manaja a masaukinsa da ke hanyar Maisandari. Ga wanda bai san tsarin ba, manaja shi ke da gida gaba ɗaya. Mataimakinsa shi ke da ƙorafin baƙi. Ƙarƙashinmu akwai masu karɓar baƙi, da masu kicin, da masu gyaran ɗakuna, kowane ɓangare da shugabansa. A watan da nake magana manaja ya tafi Umara, don haka gida da ƙorafi duka suna kaina.

Alhaji Hamad Shuwa ne, iyayensa makiyaya. Ya shigo gari yana saurayi ya kama dillancin shanu, Allah ya buɗa masa. Bai yi boko ba, yana kirana Ticha, kuma ban taɓa ganinsa ya gama jimla ɗaya ba tare da wata daga cikin wayoyinsa ta katse shi ba. Mutum ne mai kyauta ƙwarai, sai dai kyautarsa kullum ta hannun direba take zuwa.

Shugabar masu gyaran ɗakuna kuwa ita ce Ya Falmata, dattijuwa Babarbariya daga Umarari. Ta riga ni zuwa masaukin, ta riga manaja, wasu ma sun ce ta riga rufin. Albashinta ne ke riƙe da gidan da ya cika da danginta waɗanda rikici ya koro daga ƙauye, kowa a wurin ya san haka. Abin da ta fi shahara da shi shi ne turaren wuta. Ita ke haɗa nata, da sandal da hawi da wasu abubuwan da ba ta faɗa wa kowa. Ƙa'idar gidanmu ita ce babban baƙo sai an turara masa ɗaki. Ana zuba garwashi a kasko a barbaɗa turare, a kife kabbasa a kai, wato kwandon nan mai ramuka, sannan a shimfiɗa zanen gado da tawul da tufafi a bisansa har hayaƙi ya ratsa su. A Maiduguri wannan shi ne marhaba. Baƙon da ya kwana a ɗakin da ba a turara ba yana da hujjar tambaya ko ya yi wa masu gida laifi.

Baƙon namu shi ne Cif Obinna, ɗan kasuwa daga kudu maso gabas, Kirista, wanda ya yi kusan rabin rayuwarsa yana sayar da kayan janareto a garin nan. Hausarsa ta kasuwa ce tsantsa, har da lanƙwasar harshe irin ta Barebari. Shi da Alhaji abokai ne tun suna samari, Alhaji na kiransa Mai Janareto, shi kuma yana kiran Alhaji Mai Shanu. Da rikici ya yi tsanani Cif ya rufe shago ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Wannan shi ne zuwansa na farko tun daga lokacin.

Ana gobe zai sauka, Alhaji ya kira ni a waya, Ya Falmata na tsaye kusa da ni tana jin komai. Ya ba da umarnin yadda za a karɓi abokinsa. Zan zo ga abin da ya faɗa a gaba.

Cif ya sauka. Alhaji ya aiko da rago. Washegari ya aiko da kulolin abinci daga gidansa na Fezzan. Kashegari kuma ya aiko da shadda. Shi dai bai zo ba, kullum ana loda shanu, kullum gobe. Cif kan tambaye ni da safe, "Malam, Mai Shanu ya ce yaushe?" Ni kuwa in ba shi amsar da aka ba ni, cikin lafazi mai kyau, domin aikina ke nan.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, irin zafin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Bayan azahar sai na ji muryar Cif tun daga bene. Ya sauko riƙe da wani ɗan akwatin katako, ya dire mini shi a tebur.

"Malam, shaƙa."

Na shaƙa. Ƙamshin ɗakin amarya ne sosai.

"Ma sha Allah," na ce.

"Ba ma sha Allah ba ne! Ka san mene ne wannan?"

Na sani, domin na yi karance-karance, kuma a zamanin da nake ɗalibi na sha sigari kamar yadda 'yan boko na lokacin ke ganin wayewa ce, kafin likita ya raba mu. Abin da ke cikin akwatin shi ne tabar da Turawa ke kira siga, wato mai kaurin nan da ba ta da takarda, ganye ne aka naɗe da ganye. Nasa baƙaƙe ne wuluk, kalar dabinon da ya nuna ya wuce, suna ɗan maiƙo, kowane kara ya kai kaurin babban yatsa. Ɗansa ne ya aiko masa da su daga ƙasar waje. Irin wannan ganye ana tara shi ne a bar shi ya tsumu shekaru kafin a naɗe, kuma halinsa shi ne yana zuƙar duk ƙamshin da ya kusance shi. Shi ya sa ake rufe shi a akwatinsa na musamman. Ko kusa da sabulu ba a ajiye shi.

Na aika a kira Ya Falmata. Ta zo a tsanake, ta gyara lafayarta, ta gaishe mu da Barbarci.

"Wushe, Malam. Cif, wushe."

"Ya Falmata, kin taɓa akwatin nan?"

"Na taɓa. Ina goge durowa na ji wani wari. Na buɗe, na ga abin nan ya yi baƙi, yana warin garke. Na ce bawan Allah ya zo da maganinsa ya ruɓe masa a hanya, yana jin kunyar faɗa. Sai na buɗe shi na ɗora a kabbasa."

"Tsawon wane lokaci?" Cif ya tambaya.

"Sai da na sake garwashi. Warin yana da taurin kai."

Cif ya zauna ba tare da an ba shi kujera ba.

Abin da rago da shadda ba su kawo ba, wannan labari ya kawo shi. Kafin la'asar motar Alhaji ta shigo. Ya fito da waya a kunne, ya rungumi abokinsa da hannu ɗaya, suka gaisa a gurguje, sai ya juyo kaina da faɗa. Ya ce an kunyata shi, baƙon da ya fi kowa daraja a wurinsa an lalata masa dukiya a gidansa. Sannan ya ɗauki kara ɗaya ya shaƙa.

"Mai Janareto, to ai gyara maka aka yi."

"Gyara? Mai Shanu, in aka wanke maka kilishi da turare, gyara ne?"

Suka yi ta musu kamar ba su taɓa rabuwa ba. A ƙarshe Alhaji ya yanke magana irin ta 'yan kara, wato dillalan shanu. Ya ce a samo wanda ya san abin ya ɗanɗana. In ba ta lalace ba, Cif ya yi haƙuri. In ta lalace, Falmata ta tattara nata ta tafi yau. Ya faɗi haka ne tana tsaye, na ga ta kama bakin lafayarta ta riƙe.

"Ticha," in ji Alhaji, "kai ka san komai. Kai za ka sha."

Ku lura da inda aka ajiye ni. In na ce lafiyarta lau, na yi ƙarya a gaban mutumin da ya fi ni sanin gaskiya, kuma daga ranar maganata ba ta da nauyi a gidan. In na ce ta lalace, na kori Ya Falmata da bakina. Amma wanda ya yi shekaru yana raba faɗan 'yan aji uku ba ya ruɗewa don an ce ya yi alƙalanci. Na ce na yarda, bisa sharaɗi. Ba a gane gurɓatacce sai an san na asali, don haka sai an ba ni wadda turare bai taɓa ba. Kuma masu ƙara su zauna a gabana har in gama.

Cif yana da kara biyu a wata 'yar jakar fata da ke aljihunsa, su kaɗai suka tsira. Ya miƙo mini ɗaya kamar mai ba da 'yarsa aure.

Aka kai mana kujeru ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan gida, aka kawo shayi. Kafin in kunna, Alhaji ya karɓa ya kai hanci, sai fuskarsa ta sauya.

"Wallahi Falmata ba ta yi ƙarya ba. Garke ne. Garke bayan ruwan farko, da asuba, kafin a saki shanu." Ya dubi Cif. "Abin da na baro a daji shi ɗanka ya hau jirgi ya sayo maka?"

"Shi ya sa na kawo maka, ka tuna asalinka."

Ga yadda ake yi, domin wata rana baƙo zai tambaye ku. Ana yanke ɗan bakin da ke rufe da wani ƙaramin almakashi, kaɗan kawai, in an zarce naɗin ya warware. Ba a cusa ta cikin wuta. Ana riƙe ta nesa kaɗan da harshen ashana, ana juyawa har bakin ya kama ko'ina daidai, kamar mai gasa masara da ba ya son ta ƙone. Babban abu kuma, ba a haɗiye hayaƙin. A baki yake tsayawa, a juya shi, a sake shi. Wanda ya zuƙe ta zuwa ƙirji irin na sigari, zai ga dogon yaro ya zama biyu.

Zuƙar farko ba ta yi mini sallama ba. Yaji ne ya fara zuwa, irin na masoro, ya hau bayan hanci har idona ya kawo ruwa. Cif ya yi murmushin farko a ranar. Hayaƙin yana da kauri, yana da jiki, kana jin nauyinsa a harshe kamar kindirmo. Da yajin ya lafa sai ɗaci ya biyo, mai tsabta, irin na gahawar da Shuwa ke dafawa ba sukari. A ƙarƙashinsa akwai ƙasa, jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wani abu kamar sabuwar fata a rumfar dukawa.

"To?" in ji Alhaji. "Ka ji? Kunna ɗayar mu tashi."

"Ranka ya daɗe, ba a yi mata gaggawa. In aka matsa mata sai ta yi zafi ta koma ɗaci zalla, shari'a ta ɓaci."

Cif ya ce, "Gaya masa, Malam. Ba saniya ba ce da za a duba haƙori a sallama."

Wannan gaskiya ce, ba dabara ba. Ana zuƙa sau ɗaya a ajiye ta ta huta, a jira, a sake ɗauka. Amma ba zan ɓoye muku ba, na ga amfanin gaskiyar. Waya ta yi ƙara, Alhaji ya amsa. Ta sake, ya amsa a taƙaice. Can sai Cif ya tambaye shi labarin wani mai shayi da ke kusa da tsohon shagonsa. Alhaji ya ce ya rasu. Ya tambayi wani tela, aka ce yana nan, ya tsufa. Suka shiga lissafa mutane, wanda ya tafi, wanda ya dawo, wanda ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Waya ta yi ta ƙara a aljihu har ta gaji.

Ni kuwa ina tsakiyar kara, kuma a nan ne tabar ta nuna abin da ake biyan kuɗi dominsa. Yajin ya koma gefe. Wani zaƙi ya taso a hankali, ba na sukari ba, irin wanda ke zuwa bayan ka ci goro ka kurɓi ruwa. Akwai ɗanɗanon baƙin koko, da na gyaɗar da aka gasa ta kusa ƙonewa, wani lokaci kuma kamar ɓawon dabino. Kowace zuƙa da ɗan bambancinta. Tokar fara ce, ta tsaya cak ba ta faɗi ba har ta kai tsawon gaɓar yatsa, Cif yana hana ni kaɗe ta. Na karanta littattafai da yawa da suka fara da hayaniya suka ƙare ba komai. Wannan ta fara da hayaniya ne sannan ta zauna ta yi bayani.

Da na doshi ƙarshe sai ta ƙara nauyi. Ɗanɗanon ya yi duhu, kamar ƙanzon tukunya, gumi ya tsattsafo mini, kaina ya yi sakayau. Na ajiye ta, na sha shayi mai sukari da yawa. Ba a murƙushe ta, ana barinta ta mutu da kanta. Ina kuma faɗa muku, ba talla nake yi ba. Likitana bai ji daɗin labarin nan ba, kuma shi ke da gaskiya.

Na kurkure baki, na kunna ta kabbasa. Ba ta buƙaci dogon zama ba. Turaren Ya Falmata a ɗaki ni'ima ne, amma a harshe sabulu ne. Sandal ya hau kan komai ya zauna. Yajin yana can ƙasa yana ƙoƙarin fitowa, gahawar ta koma kamar an dafa ta a kwalbar humra. Ka ɗauki tsohon soja ka naɗa masa lafayar amarya, to haka. Na ba ta haƙƙinta, na jira ko za ta warware. Ba ta warware ba.

Aka kira Ya Falmata. Ashe tana bakin kicin tun ɗazu, ta riga ta ɗaure 'yar jakarta.

"Ticha, muna jinka," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ta lalace. Ba rabi ba, gaba ɗaya."

Cif kansa ya sunkuyar da kai, domin nasarar ba ta yi masa daɗi ba. Alhaji ya buɗe baki, na riga shi.

"Amma shari'a tambaya biyu ce. Ta farko, an yi ɓarna? An yi. Ta biyu, da umarnin wa? Ana gobe Cif zai sauka ka kira ni. Me ka ce a yi wa ɗakinsa?"

"Na ce a gyara."

"Ai ka ƙara da wani abu."

Ya Falmata ce ta taimaka masa, da muryarsa, har da yadda yake jan harafi. "Ka ce, duk abin da ke ɗakin Obinna a turara shi, kada a bar ko takalmi." Ta dubi Cif. "Takalmin ma na turara. Ba ka ji ba?"

Cif ya ɗaga ƙafa ya dubi takalminsa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa mutum tari. Ya nuna Alhaji da yatsa.

"Ashe kai ne, Mai Shanu! To kori kanka mana. Tattara naka ka tafi yau."

Alhaji mutum ne mai zafi, amma ba azzalumi ba ne, kuma ɗan kara ya san lokacin da ciniki ya juya masa. Ya ce, "Falmata, kwance jakarki." Sannan ya ce wa Cif ya faɗi ko nawa ne ya biya.

"Ba na son kuɗinka. Ragonka ma yana can ɗaure yana kuka, ni kaɗai zan cinye shi?" Ya ciro karan da ya rage a jakar fata. "Wannan kaɗai ta saura mini. Tun daga gida na ce ba zan kunna ko ɗaya ba sai ina zaune da kai. Na san ba ka sha, ban ce ka sha ba. Ka zauna nan har ta ƙare. Ka ga yadda ta Malam ta daɗe. Ni na fi shi nawa."

"Ana loda mota, Obinna."

"Shanun sun san hanya. Kawo wayoyin."

Alhaji ya dube ni kamar zan cece shi. Na ce hukunci ya yi daidai da laifi. Ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya miƙa wa Ya Falmata, ta zuba a bakin lafaya ta wuce. Na bar su a nan. Da na leƙo daga baya, Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa, hayaƙi na tashi a hankali tsakaninsu, yana korarsa da hannu yana ba da labari. Kiran magariba ne ya tashe su.

Daga ranar muka sa sabuwar ƙa'ida, wadda kuke bi yanzu ba ku san asalinta ba: a turara ɗaki da shimfiɗa, amma kayan baƙo sai an tambaye shi. Abin da na koya kuwa shi ne, a aikinmu ɓarnar da mugunta ke yi kaɗan ce. Mafi yawanta karamci ne da bai tsaya ya yi tambaya ba. Mutanen garin nan za su ba ka rago, su ba ka shadda, su turara maka har takalmi, alhali kai kujera kake so a jawo kusa da taka. In kuma aka sa ku alƙalanci tsakanin babba da ƙarami, kada ku yi ƙarya don ku ceci ƙaramin. Ku faɗi gaskiyar, amma ku faɗe ta har ƙarshenta, domin sau da yawa rabin da aka bari shi ne mai ceton.

Da Alhaji ya zo tafiya ya nemi wayoyinsa. Ya Falmata ta kawo su a faranti, da ɗuminsu. Ya kai ɗaya kunne, ya tsaya, ya dawo da ita hanci.

"Falmata, mene ne wannan?"

"A ɗakin Cif na ajiye su, Alhaji," ta ce. "Kuma ban ji ka janye maganarka ba."